Gasar Sinuka: Me Ya Sa Wata Ke Cika Maƙil, Wata Kuma Ta Watse Tun Ba A Je Ko'ina Ba?

Duk wanda ke zagaya unguwannin Kano, Katsina, Maraɗi ko Damagaram da yamma, da wuya ya rasa cin karo da rumfar da aka girke teburin sinuka, matasa sun yi masa ƙawanya, ɗaya ya sunkuya da sanda yana auna ƙwallo, saura suna ta shewa da tsokana. Wasan da a zamanin da sai a kulob ɗin Turawa da na manyan ma'aikata ake ganin sa, yau ga shi a bakin titi, kafintan unguwa ma yana iya haɗa teburinsa, kuma sannu a hankali yana gangarowa daga birane zuwa garuruwan kasuwa. To, duk inda matasa suka saba haɗuwa a kan wasa, ba a daɗewa sai wani ya kawo shawarar a shirya gasa. A nan ne kuma ake ganin abin mamaki, domin sai ka ga wata gasar har ana rokon a ƙara gurbi, wata kuwa makon farko ne kawai ake samun jama'a, kafin wata ya zagayo sai mai teburi da yaransa.

Idan ka tambayi waɗanda gasarsu ta watse, amsar da za su ba ka ba ta wuce uku: ko su ce kyautar da suka sa ba ta da tsoka, ko su ce teburinsu ya tsufa, ko kuma su ce wancan ɗin farin jini ne da shi. Ni kuwa a ra'ayina duk waɗannan rassa ne. Tushen maganar shi ne, gasar 'yan sha'awa, wato ta waɗanda ba da wasan suke cin abinci ba, tana rayuwa ne da ɗan koyo da mai matsakaicin hannu, domin su ne mafiya yawa a kowane gari. Duk gasar da ta tanadar wa wanda ba gwani ba dalilin dawowa mako mai zuwa, ita ce za ta cika. Wadda kuwa aka gina ta don gwanaye uku ko huɗu su riƙa kwashe kuɗin jama'a, to ranar watsewarta kawai ake jira. Ina yin wannan bayani ne musamman domin matasanmu na Guci da sauran garuruwan Dungas da Magarya, waɗanda ke da niyyar shirya irin wannan gasa, ko ta sinuka ce, ko ta dara, ko ta ƙwallon ƙafa, don kuwa dokar ɗaya ce.

Kafin mu yi nisa, yana da kyau mai karatu ya san cewa abin da muke kira sinuka a bakin titi, galibi ba shi ne sinuka na asali ba. Sinuka na asali hafsoshin sojan Ingila ne suka ƙirƙiro shi a garin Jabalpur na ƙasar Indiya a shekarar 1875, ana buga shi a kan ƙaton teburi da ƙwallaye 22: jajaye 15, masu launi 6, da fara ɗaya. Wanda ya fi yawa a wurinmu shi ne na ƙaramin teburi mai ƙwallaye 15 da fara ɗaya, inda kowa ke zura nasa bakwai a rami, sannan a rufe da baƙar ƙwallo. Wannan shi ne Amurkawa ke kira "pool", kuma a ƙasarsu ne aka fi samun ƙungiyoyin da ke shirya gasarsa ga talakawan gari. Saboda haka ba laifi mu leƙa mu ga yadda suka yi.

A shekarar 1979 wasu ƙwararrun 'yan wasa biyu, Terry Bell da Larry Hubbart, suka kafa wata ƙungiya wadda daga 1981 aka san ta da suna American Poolplayers Association, ko APA a taƙaice. Ba ita kaɗai ce a fagen ba, akwai wasu ƙungiyoyin irin su BCA da VNEA, amma APA ta kere su duka wajen yawan jama'a, har mambobinta suka kai wajen 250,000, kuma a 2010 littafin Guinness ya amince cewa gasarta ta birnin Las Vegas ita ce gasar wannan wasa mafi girma a duniya. Abin lura a nan shi ne, manyan gwanaye da yawa suna raina ta, suna cewa ta 'yan koyo ce. Wannan rainin kuwa shi ne sirrin cikarta.

Ga yadda tsarinsu yake. Kowane ɗan wasa ana ba shi matsayi gwargwadon ƙarfin hannunsa, daga 2 zuwa 7, bisa sakamakon wasannin da ya buga, waɗanda ake rubutawa mako-mako. Idan mai matsayi na 7 ya haɗu da mai matsayi na 2, sai gwanin ya ci wasa bakwai kafin a ce ya yi nasara, shi kuwa ɗan koyon biyu kacal ake nema a wurinsa. Ka ga ke nan gwani ba ya wasa da sakaci, ɗan koyo kuma ba ya shiga da karyayyar zuciya. Bugu da ƙari, ba ɗaiɗai ake shiga gasar ba, ƙungiya-ƙungiya ake yi, kowace tana da mutum biyar zuwa takwas, biyar ne ke bugawa a kowane zama, kuma doka ta ce idan aka haɗa matsayin waɗannan biyar ɗin kada ya haura 23. Mai karatu ya ɗan yi lissafi: idan ƙungiya ta saka gwanaye biyu masu 7, sun cinye 14 ke nan, saura 9 da za a raba wa mutum uku. Tilas ne ta nemo masu matsayi na 3 ko na 2. Wato dokar da kanta ta mayar da ɗan koyo kadara. Gwani ne zai bi shi har gida ya ce don Allah zo ka shiga ƙungiyarmu, shi ne zai koya masa riƙon sanda, kuma idan hannunsa ya faɗa, matsayinsa ya hau, sai ƙungiyar ta yi nauyi, dole ta rabu biyu, kowane ɓangare ya sake neman sababbin 'yan koyo. Da haka gasar ke haihuwa tana jikoki.

Yanzu mu dawo gida mu dubi yadda ake yi a teburanmu. Al'adar da ta fi yawa ita ce, wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya biya kuɗin wasa ya koma gefe. Ma'ana, wanda ya fi kowa iyawa shi ne ya fi kowa samun lokacin ƙara gogewa, kuma kyauta, wanda bai iya ba shi ke biyan kuɗin horar da wanda ya fi shi. Yaro ya tara 'yan canjinsa ya zo, cikin minti biyar an share shi, an yi masa dariya, ya koma layi yana jiran wani sa'in. Sau nawa mutum zai jure wannan? Ko tsuntsu ne, idan kullum ya sauka sai an jefe shi, zai sauya bishiya.

Idan aka zo shirya gasa kuma sai a ɗauko tsarin sili-ɗaya-ƙwale, domin shi ya fi sauƙi ga masu shiryawa. A ce mutum 32 suka biya kuɗin shiga. Zagayen farko kaɗai zai kori 16, kowannensu wasa ɗaya tak ya buga da kuɗinsa. Zagaye na biyu ya kori 8. Kafin rana ta faɗi mutum 24 sun zama 'yan kallo, kuma kowa a garin ya san tun kafin a fara cewa cikin mutum uku ne ɗaya zai ɗauki kofin. In an sake kiran gasa wata mai zuwa, wa zai sake kawo kuɗinsa? Amma a ce waɗannan mutum 32 aka raba su ƙungiya 8, kowace mutum huɗu, kowace ƙungiya ta kara da sauran bakwai, karawa ɗaya a mako. An sami karawa 28 ke nan, mako bakwai cur kowa yana da ranar da ake jiran sa, kuma wanda aka ci yau yana da damar ramawa mako mai zuwa. Teburi ɗaya ne, jama'a ɗaya ne, amma wannan ta rayu, waccan ta mutu.

Kada wani ya ce wannan dabarar Turawa ce, domin kakanninmu sun riga su sanin ta. Dubi kokawar kaka a dandalin ƙauye. Ba a fara wa da manyan 'yan kokawa, yara ƙanana ke buɗe fili, sa'a da sa'a, sannan samari, sannan a ƙarshe zakaru su fito. Babu mai hankalin da zai haɗa ɗan shekara goma da ƙaton da ya gagari gari, sannan ya ce wai yaron ba shi da zuciya. Kowa yana da abokin karawarsa, shi ya sa kowa ke da rabo a dandalin. Hatta gasar takobi ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama sarkin fili na farko, ba daga sama take faɗowa ba. Jihohi takwas ne kowace ke kawo 'yan kokawa goma, kuma sai an tace su daga ƙasa kafin su kai can. Irin su Balla Haruna da Isaka Isaka na Doso, ba za a same su ba in da babu dubban yaran da ke kokawa a rairayin ƙauye ba tare da an kore su don an kayar da su ba. Tsani ne, kuma tsanin da babu matakin ƙasa ba ya hawuwa.

Ba na musun cewa gwanaye suna da nasu amfanin. Lokacin da Ding Junhui ya doke Stephen Hendry ya ci gasar China Open a 2005 yana ɗan shekara 18, yara da yawa a ƙasar Sin sun rungumi sinuka saboda shi, kuma shekara ashirin bayan haka, a 2025, Zhao Xintong ya zama ɗan Asiya na farko da ya ci kofin duniya na wasan. Gwani yana sa yaro ya yi sha'awar ɗaukar sanda. Amma abin da zai sa ya ci gaba da riƙe ta bayan an ci shi sau goma, wannan aikin masu tsara gasa ne.

Abu na biyu da ke raba gasa mai rai da matacciya shi ne maganar kuɗi, kuma a nan sai mu faɗa wa juna gaskiya komai ɗacinta. Babban abin da ya ɓata wa sinuka suna a ƙasar Hausa shi ne caca. Da zarar an fara ɗora kuɗi a gefen teburi, mutanen kirki sun fara janye jiki ke nan, uba zai hana ɗansa zuwa, mai sana'a zai ji kunyar a gan shi a wurin, sai a bar fili ga 'yan tasha da masu shaye-shaye. Haramcin caca a fili yake a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma malamai da dama suna ganin ko kyautar da aka haɗa daga kuɗin shigar 'yan wasa ta shiga wannan babi, tunda kowa ya zuba ne yana fatan kwashe na saura. Mafita ita ce a raba biyun: abin da 'yan wasa ke biya ya tsaya a kan hidima, wato hayar teburi, alli, man inji ko cajin batir, ita kuwa kyauta ta fito daga hannun wani na gefe, ɗan kasuwa ne, ko ofishin magajin gari, ko wani ɗan gari mai son ci gaban matasa. Kuma ba sai ta yi yawa ba. Kofi, turmin atamfa, buhun shinkafa da ƙungiya za ta raba, sun wadatar. A gaskiya ma ƙatuwar kyauta illa take yi, domin ita ke janyo gwanayen haya daga wasu garuruwa, su zo su kwashe su tafi, 'yan gari su koma 'yan tafi. Sannan duk abin da aka karɓa, ko sefa ce ko naira, tunda a yankinmu na bakin iyaka duka biyun suna yawo, a rubuta shi a littafi, a karanta a gaban kowa. Ranar da aka fara raɗe-raɗin cewa ma'aji ya taɓa asusu, ranar gasa ta fara ciwon ajali.

Na uku shi ne doka da alƙalanci. Duk wanda ya san teburan bakin titi ya san cewa kusan kowace rumfa da nata dokokin. Idan farar ƙwallo ta faɗa rami, bugu ɗaya za a ba abokin karawa ko biyu? Baƙar ƙwallo a kowane rami ake zura ta, ko sai wanda mutum ya ambata? Irin waɗannan tambayoyi in ba a warware su kafin a fara ba, a tsakiyar wasa mai ƙarfin murya ne zai yi nasara, kuma kullum ɗan koyo da baƙo ne ke cutuwa. A rubuta dokokin da Hausa, da boko da ajami, a manna a jikin bango, a naɗa alƙalin da ba ya cikin kowace ƙungiya, kuma hukuncin da ya hau kan ɗan talaka ya hau kan ɗan mai teburi. Mutum yana iya haƙuri da shan kaye, abin da ba ya haƙuri da shi shi ne a cuce shi a gaban jama'a.

Na huɗu shi ne sanin lokaci, wanda masu kwaikwayon tsarin birni sukan manta da shi. Guci ƙasar noma ce. Wanda ya kira gasa a tsakiyar damina, lokacin da kowa ke fama da noman gero da gyaɗa, ya kira wa kansa. Bayan kaka kuma matasa da yawa sukan tafi cin rani, wasu Kano, wasu Legas, wasu har Aljeriya da Libiya, waɗanda suka rage kuma akwai masu aikin lambu da rake a fadamun Korama. Haka nan ranar Alhamis hankalin mutanen yankin Dungas yana kan kasuwar Maigatari. A nan ma tsarin ƙungiya ya fi, domin idan ƙungiya tana da mutum shida, huɗu ke bugawa, tafiyar mutum ɗaya ba za ta rushe ta ba. A yi gasa gajeriya, ta mako shida ko bakwai, a gama a ba da kofi, a huta, a sake sabuwa. A tsayar da wasa idan an kira salla, a tashi kafin dare ya yi nisa, kada a bar 'yan makaranta a wurin lokacin karatu. Gasar da iyaye da malamai suka yarda da ita ta sami rabin 'yan wasanta tun kafin ta buɗe rajista.

Na san akwai masu cewa wannan tsari zalunci ne ga gwani, don me wanda ya ɓata shekaru yana koyo za a ɗaura masa dutse a ƙafa? Wasu kuma za su ce ai mutane za su riƙa ɓoye iyawarsu don a bar su a ƙaramin matsayi. Duka biyun maganganu ne masu tushe, kuma ko a Amurka wannan ɓoyon hannu shi ne babban abin da ake kuka da shi a gasar APA. Sai dai a garuruwanmu abin ya zo da sauƙi, domin kowa ya san kowa, wanda ke share teburi ranar Talata ba zai zo ranar Asabar ya ce bai iya riƙe sanda ba. Dattawan wasa uku sun isa su raba jama'a aji uku, manya, matsakaita da 'yan koyo, a riƙa duba rabon bayan kowace gasa. Su kuwa gwanaye, a ware masu tasu gasar ta zakaru sau ɗaya a shekara, da salla ko bayan kaka, inda babu rangwame ga kowa. Kuma su tuna cewa sarki ba ya sarauta a kufai. In 'yan koyo suka watse, gwani da wa zai buga, wa kuma zai tafa masa?

Wataƙila wani ya ce duk wannan dogon bayani a kan wasa? Amsa ita ce, ƙidayar 2012 ta nuna jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha yawan jama'a a Nijar, da mutum sama da miliyan uku da rabi, gundumar Magarya tana da sama da 570,000, ta Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011 kuma Guci ke cikinta, tana da sama da 350,000, kuma kusan rabin 'yan ƙasar ba su kai shekara 15 ba. Waɗannan yara suna tasowa, kuma dole su sami inda za su taru. A zamanin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, samariya ce ke haɗa matasa a kan aikin gayya da wasanni. Bayan ta ja baya sai fada-fadan shan shayi suka maye gurbinta, wasu suka zama alheri, wasu kuma a birnin Damagaram suka rikiɗe suka zama gungun 'yan daba da ake kira "palais", waɗanda Aisha Macky ta nuna rayuwarsu a fim ɗinta mai suna Zinder a 2021. Matashin da aka nuna masa cewa ba shi da gurbi a wurin wasa mai tsabta, akwai masu jiran sa da gurbi a wani wurin, kuma su ba sa tambayar ko ya iya.

Don haka ina kira ga masu tebura da su daina kallon ɗan koyo a matsayin saniyar tatsa, domin mutum talatin da ke zuwa kowane mako sun fi masu riba a kan gwanaye biyar da ke wasa kyauta. Ina kira ga magadan gari na Guci, Dungas, Malawa, Dogo-Dogo, Waca, Bande da Magarya, da sarakunanmu da 'yan kasuwa, da su ɗauki nauyin kofuna, bisa sharaɗin babu caca, babu ƙwaya, kuma kowace ƙungiya sai ta saka 'yan koyo. Su kuma shugabannin fada, idan sun zauna shirya gasa, kafin su tambayi nawa za a ba wanda ya zo na ɗaya, su fara tambayar kansu me zai dawo da wanda ya zo na ƙarshe. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu damina mai albarka, amin.